Daga Ikko Zuwa Jidda: Jawabi Ga Maniyyatanmu

 

Kakanninmu da ƙafa suka bi ta Barno da Wadai da Darfur har Sawakin. Wani ya shekara biyu a hanya, wani ma Sudan ta riƙe shi har mutuwa. Mu ko yau, daga Ikko zuwa Jidda wajen kilomita 4,200 ne, kuma jirgin da bai ya da zango ba, kusan awa shida ya kai.

To amma jama'a, mu lura da agogo. Saudiyya ta riga mu da awa biyu. In mun tashi ƙarfe 10 na dare, za mu sauka agogonmu na nuna 4, alhali can 6 ne na safe. Ke nan Asuba a sama za ta riske mu. Lokacin sauka da ke jikin tikiti, na can ne, ba namu ba.

Mai wucewa Makka kai tsaye kuwa, a sama zai ƙetare mikati. Saboda haka mu shiga da alwala, ihraminmu a jakar hannu, kada a cusa shi babban akwati.

Allah ya kai mu lafiya, ya karɓa mana. Wassalam.