Gyaran daɓen siminti kafin a yi masa shimfiɗa



Hirarmu ta yau ta shafi magina, da leburori, da masu ba da aikin gini. A masana'anta, da asibiti, da babban ɗakin ajiyar kaya, sau da yawa ba a barin daɓen siminti tsirara. Ana shimfiɗa masa karo, ko roba, ko fenti mai kauri. Sau da yawa shimfiɗar takan ɓamɓare tun ba a daɗe ba. Laifin yana ƙasa, wajen daɓen da ba a gyara ba.

Na farko, haƙuri. Sabon daɓe yana son a riƙa yayyafa masa ruwa kwana 7. Sai ya yi kwana 28 yake samun ƙarfinsa. Iskar hunturu tana busar da samansa da wuri, alhali cikinsa da sauran laima. Ga yadda za ku gane. Ku sami leda mai faɗin rabin mita. Ku shimfiɗa ta a daɓen, ku liƙe gefenta duka. Bayan awa 24 ku ɗaga. In ledar ta yi gumi, ko wurin ya yi duhu, daɓen bai bushe ba. Ku jira.

Na biyu, tsabta. Gam ba ya kama ƙura, ba ya kama mai. Ku ɗiga ruwa kaɗan. In daɓen ya sha, to madalla. In ruwan ya tsaya, akwai mai ko tsohon fenti. A kankare wurin, a share shi sarai. Mai kankara ya rufe hanci da baki, don ƙurar siminti tana cutar huhu.

Na uku, ƙwari. Ku bi daɓen kuna ƙwanƙwasawa da guduma. Inda ya yi amo kamar ganga, bai kama ba. A fasa, a sake. Duk tsaga da rami a cike su.

Na huɗu, daidaito. Ku aza miƙaƙƙen katako mai tsawon mita 2. Inda haske ya ratsa ƙarƙashinsa, akwai kwari. A cike kwari, a rage tudu.

Ƴan'uwa, buhun siminti, na Malbaza ne ko na waje, da kuɗi ake sayensa. Aikin da aka yi sau biyu, kuɗinsa biyu ne. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. In mai aiki ya matsa muku, ku nuna masa ledar nan ya gani da idonsa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.