A Tambayi Suna Kafin a Ɗauki Wuƙa



A ɗakin haihuwa na kowane babban asibiti a Jigawa, ba abin mamaki ba ne a tarar da mata biyu masu suna ɗaya a gadaje maƙwabta, wannan na jiran ƙarin jini, waccan na jiran allurar jijjiga. Katinsu iri ɗaya, kuma ba wadda ta san ranar haihuwarta. Ungozomar dare ta karɓi aiki a tsaitsaye. In ledar jini ta sauka a gadon da ba nata ba, da safe sai a ce wa dangi kwana ya ƙare, su yi salati su ɗauki gawa. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma bai hana a rubuta yadda aka yi ba, kuma rashin rubutawar ne ke sa a maimaita.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin marasa lafiya 10 na cutuwa a wurin neman magani, kuma fiye da rabin cutarwar ana iya kauce mata.

Tun 2008 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki a Babban Asibitin Jahun, inda ake gyara mata masu yoyon fitsari. Akasarinsu doguwar naƙuda ce ta jawo musu. Amma likitocin wannan fanni sun san akwai wani kaso da ke samuwa a kan teburin tiyata, idan wuƙa ko zare ya taɓa mafitsara wajen ciro jariri. Ba lallai mai aikin ya zama mugu ko jahili ba. Sau da yawa shi kaɗai ne a bakin aiki, ya kwana bai runtsa ba, wuta ta ɗauke ana haska masa da fitilar waya.

A 2008 ɗin dai, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar tambayoyi 19 da ake karantawa a bayyane a ɗakin tiyata a matakai uku: kafin a sa mara lafiya barci, kafin a yanka, da kafin a fito da shi. Wane ne wannan? Wane ɓangare za a yi wa aiki? Auduga da almakashi da allurai sun cika? Da aka gwada ta a asibitoci takwas, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace bayan tiyata sun sauko daga kashi 1.5 cikin 100 zuwa 0.8.

Buga takardar ba wuya. Kunya ce babban shinge. Ƙaramar nas da ta ga auduga ɗaya ba ta dawo ba za ta yi ta juya maganar a ranta kafin ta ce, "Ranka ya daɗe, a dakata da ɗinki." Shi ya sa takardar ta wajabta kowa ya faɗi sunansa da aikinsa tun kafin a fara, don bakin da ya buɗe sau ɗaya ya fi saurin sake buɗewa.

Ɗaliban likitanci na Jami'ar Tarayya ta Dutse da ke koyon aiki a asibitin Rasheed Shekoni abin da suka ga manyansu na yi shi za su kai Kiyawa da Birnin Kudu. Ya kamata su ga babban likita ya tsaya an ƙirga kayan aiki a gabansa, su kuma ga littafin da ake rubuta kuskure, ko wanda aka tsallake da ƙyar, a tattauna shi duk wata ba tare da an ci mutuncin wanda ya kawo rahoto ba.