Rabin da Ke Kan Lamba



Da wuya takardar lissafi ta WAEC ko NECO ta rasa tambaya a kan 'yar ƙaramar lambar nan da ke zama a saman wata, wadda za mu kira lambar ka. A nan ne yaro mai ƙoƙari kan ga 9^½ ya rubuta 4½, domin ya ga rabi, sai ya raba. Maki ya tafi ke nan, kuma mun san yadda rashin kiredit a lissafi ke rufe wa yaro ƙofar jami'a.

Maganin yana cikin dokar da yaran suka riga suka sani. Idan aka ninka 2³ da 2², haɗa lambobin ka ake yi, a sami 2⁵, wato 32. To, mu bi wannan doka da rabi. Idan aka ninka 9^½ da 9^½, rabi da rabi ɗaya ne, amsa ita ce 9. Sai mu tambayi aji: wace lamba ce in ta ninka kanta take ba da 9? Za su ce 3. Ashe rabi a ka shi ne √9. Dokar haɗawa ce ta tilasta haka, yaro kuwa da bakinsa ya faɗa.

Haka sulusi yake. Uku na 8^⅓ in aka ninka su, 8 za su ba da, don haka 8^⅓ ita ce 2. A 8^⅔ kuwa, lambar ƙasa ce ke faɗin saiwa, ta sama ta faɗi ninki: a ciro 2, a ninka ta da kanta, a sami 4. Ta wannan hanya 16^¾ ta zama 8.

Amfanin yana fitowa ne inda saiwoyi suka bambanta. Ninka √2 da ∛2 kan tsayar da aji cik. A mai da su 2^½ da 2^⅓, aiki ya koma haɗa rabi da sulusi, wato sudusi biyar, lissafin da duk mai ilimin rabon gado ya saba da shi.

Wannan fahimta ta daɗe a hanya. Alkawarizmi, a Bagadaza wajen shekarar 820, da kalmomi zalla ya yi bayanin saiwa. Alamar √ ta fito a littafin Christoff Rudolff a 1525. Rubuta rabi ko sulusi a ka, irin yadda muke yi yau, ya bayyana a wasiƙar Isaac Newton ta 1676. Abin da ya ci wa masana ƙarnoni ya cancanci darasi guda cikakke a ajinmu.

Saboda haka roƙonmu biyu ne. Malamai, kafin mu rubuta ƙa'idar a allo, mu bar yara su ciro ta da 9 da 8 da 16. Wanda ya hardace yana iya mantawa a zauren jarrabawa. Wanda ya gane zai sake gina ta a gefen takarda. Iyaye kuma, ko ba ku yi boko mai zurfi ba, in yaro ya kawo amsa, ku ce masa: “Me ya sa?” In ya iya yi muku bayani da Hausa, to ya riƙe abin.