Me ya sa tsokar yaro ke zubewa? Jawabi ga iyalai a Doka

Sannunku da haƙuri, Allah Ya mayar da mu gidajenmu lafiya.

Yau za mu yi magana kan ramar yara. Jikin mutum kullum cikin gyara yake, kamar gidan ƙasa da ake rushe tsohuwar katanga a kwaɓa ƙasar a sake ginawa. Ƙwayoyin jiki suna narkar da furotin ɗin da ya tsufa a cikin tsoka, su haɗa shi da na abinci su gina sabuwa. Haka tsokar yaro ke girma. A shekarar 2016 aka ba wani masani ɗan Japan, Yoshinori Ohsumi, lambar yabo ta Nobel saboda bincike kan irin wannan aiki.

Idan abinci ya yi kaɗan, ko zazzaɓi da gudawa suka daɗe, rushewa sai ta fi gini yawa. Jiki ya koma cin tsokarsa don ya rayu. Dantse, cinya da ɗuwawu su ne ke fara nunawa.

Shi ya sa muke auna dantsen yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Ja, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. Rawaya, daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, gargaɗi ne. Idan ƙafafu biyu sun kumbura, a kawo yaro a ranar.

A nan yankin Gadarif akwai cutar kala-azar, wadda wani ɗan ƙaramin ƙwaro ke yaɗawa ta cizo. Zazzaɓin da ya wuce mako biyu, da rama da kumburin saifa, a je a yi gwaji. Tana da magani, amma tana kisa idan aka bar ta.

A gida, dawa kaɗai ba ta isa ba. A sa gyaɗa ko riɗi a kunu, a haɗa da wake ko adas, da madara ko ƙwai idan sun samu. A ci gaba da shayarwa ko yaro ba shi da lafiya. Plumpy'Nut magani ne na yaron da aka rubuta wa, kada a raba wa 'yan'uwansa, kada a sayar.

Tsokar da ta zube tana dawowa idan an kama da wuri. Ku kawo mana yaranku mu auna.