Daga Ina Launi Yake Fitowa? Laccar da aka gabatar a Bonkuku

 

Launi ba ya samuwa sai abu uku sun haɗu: haske, da abin da hasken ya sauka a kansa, da ido. Wajen shekara dubu da suka wuce, Ibn al-Haisam, haifaffen Basra, ya nuna a littafinsa Kitabul Manazir cewa gani yana faruwa ne idan haske ya shiga ido. A 1666 Ishaƙ Newton na Ingila ya ratsa hasken rana ta gilashi mai kusurwa uku, sai farin hasken ya warwatsu, daga ja har shunayya. Ɗigon ruwan sama ma haka yake yi wa hasken rana, shi ne bakan gizo. Ba ka ganinsa sai ka ba rana baya.

Haske tafiyar igiyar ruwa yake yi, kowane launi da tsawon igiyarsa. Idonmu yana kama daga misalin nanomita 400, wato shunayya, zuwa 700, wato ja. Nanomita kuwa, sai ka raba milimita gida miliyan ka ɗauki ɗaya. A bayan ido akwai ƙwayoyi iri uku masu jin launi, daga saƙonsu ƙwaƙwalwa take haɗa duk launin da muke gani.

To, idan haske ya sauka kan abu, abin yakan shanye wani sashe, ya maido saura. Abin da ya maido shi muke kira launinsa. Jan dutsen da ke gefen Dallol Bosso tsatsar ƙarfe ce a cikinsa, tana maido ja. Rawanin Buzaye da ake rinawa a garin Kura yana shanye ja da ruwan ɗorawa, ya maido shuɗi mai duhu. Ganyen dankalinku yana shanye ja da shuɗi don haɗa abincinsa, ya maido tsanwa.

Iyayena manoma, nan maganar ta zo gonarku. Dankalin turawa, wanda Bonkuku ta yi suna da shi, idan ƙasa ta zame daga kansa, ko aka baje shi a haske bayan haƙa, sai fatarsa ta yi tsanwa. Tsanwar kanta ba ta cutarwa, amma hasken da ya kawo ta yana ƙara wani dafi mai ɗaci, solanin, mai sa ciwon ciki da amai, kuma dahuwa ba ta kashe shi. Don haka a tara wa gindin shuka ƙasa, a adana amfanin a duhu inda iska ke shiga. Wanda tsanwarsa kaɗan ce a fere shi sosai, wanda ta yi yawa a zubar.

Ɗalibai, ku kai wannan bayani gida yau.