Sanarwar da Ba Ta Isa ga Kowa Ba
Jawabin sakatariya a bikin zagayowar ranar kafa ƙungiya, Zakka



Zan fara da laifina. Tun da zirga-zirga ta yi wuya tsakaninmu da Safana da Batsari, yawancin harkokinmu suka koma WhatsApp. Bara na rubuta sanarwar ranar biyan rance a takarda, na ɗauki hotonta na tura zaure. Wata 'yar'uwarmu da ba ta gani ta makara, muka ci ta tara. Da na je gidanta sai ta ce min, "Malama, wayata tana karanta min rubutu, amma takardarki sai ta ce min hoto ne kawai." Wallahi kunya ta kama ni.

Ga yadda abin yake. Wayoyin Android suna da TalkBack, iPhone kuma VoiceOver. Su ne ke karanta wa makaho abin da ke fuskar waya da murya. Rubutun da aka buga da yatsa suna bin sa kalma-kalma. Hoton takarda kuwa, balle rubutun hannu, ba a dogara da su a kansa. Haka ma saƙon murya: mu yana mana sauƙi, amma kurma ba ta samu komai ba.

Kada mu ɗauka mutum ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 a duniya yana da wata nakasa. A Najeriya, tun Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci. Ballantana mu da ido ke raguwa kullum. Wace ce a nan ta san yadda nata zai kasance nan da shekara goma?

To, ga roƙona. Kowace sanarwa ta fita sau biyu, a rubuce da kuma a murya. In an tura hoto, a rubuta abin da ke cikinsa a ƙasa. Rana da adadin kuɗi su zo a layin farko. Takardar zubi da ta rance a buga su da manyan haruffa, baƙi a kan fari, ban da ado.

Kuɗin mace sirrinta ne. Bai kamata sai ta kira jika ko maƙwabciya kafin ta san bashin da ake bin ta ba.

Tarar nan kuwa, Hajiya, ina roƙon a mayar mata, a cire daga nawa zubin.

Allah ya ƙara haɗa kanmu, ya ba yankinmu zaman lafiya.