Shafin Intanet: Wa Zai Amfana, Wa Zai Yi Asarar Kuɗinsa?

 

An ce in yi magana a kan shafin intanet da amfaninsa ga mai ƙaramar sana'a. Na san abin da ya kawo maganar. Samari suna zuwa wurinku suna cewa, "Mama, kawo kuɗi in buɗe miki shafi, duk duniya za ta san kayanki." Waɗansu sun riga sun biya. Waɗansu kuma suna shirin biya daga kuɗin adashi ko rancen ƙungiya. Kuɗin rance kuwa dole a mayar da shi, ko shafi ya kawo ciniki ko bai kawo ba. Shi ya sa nake so mu yi maganar a fili.

Shafin intanet kamar rumfa ce mai adireshi. Ana sa hoton kaya, da farashi, da lambar waya, da bayanin ko ku su wane ne. Ba a rufe ta da dare, kuma mutumin Legas zai iya leƙa ta yana zaune a ɗakinsa. Amma rumfa ce a cikin kasuwar da ba ta da iyaka. Idan ba wanda ya san hanyarta, za ta shekara ba a taka ƙofarta ba.

To, wa ya kamata ya buɗe? Mai ƙosai ba ta bukata. Mai injin niƙa, da mai aski, da mai gyaran babur, su ma haka. Masu sayenku da ƙafa suke zuwa, sun san ku, sun san iyayenku. Idan kuna cikin gari inda baƙi ke wucewa, ya isa ku sa shagonku a taswirar Google, kyauta ne, domin mai neman bakanike ya ga inda kuke da lambarku. Akwai kuma WhatsApp Business, wanda ya fito a 2018, inda ake jera hotunan kaya da farashi ba tare da biyan kowa ba. Ga yawancinmu a nan, waɗannan biyun sun wadatar.

Wanda shafi zai yi wa amfani shi ne mai kayan da ba sa lalacewa da wuri, waɗanda za su iya yin tafiya, kuma mai sayensu yana nesa bai san shi ba. Zuma, busasshiyar citta, man kaɗe, riɗi, zoɓo, saƙa, da acca. Bari in tsaya a kan acca, domin mun san ta.

A Filato da kudancin Kaduna da wasu sassan Bauchi acca abincin gida ce. A Abuja da Legas kuwa ana nemanta da tsada, musamman masu ciwon sukari da masu kula da abin da suke ci. Har Tarayyar Turai ta yarda a sayar da ita a kasuwanninta tun 2018. Amma matar da ta yi sussuka, ta surfe, ta wanke, ta shanya, ita ce ke samun mafi ƙanƙantar rabo, domin dillali ne kawai ya san hanyar gidanta. Ba ina zagin dillalai ba ne, suna da nasu aikin, su ke ɗaukar kuɗin mota da haɗarin hanya. Matsalar ita ce idan mai saye ɗaya tak gare ki, farashin da ya faɗa shi ne farashi.

Yanzu ku sa kanku a matsayin wata mai shago a Abuja da ke son acca mudu hamsin. Wani ya ba ta lambarku. Ba ta taɓa ganinku ba, kuma kuna cewa ta tura kuɗi kafin kaya su taso. Tambayoyi biyu ne a ranta: waɗannan mutane na gaskiya ne? Kuma accar tana da yashi? Duk wanda ya taɓa tauna yashi a cikin gwate ya san muhimmancin ta biyun. Abin da za ta yi shi ne ta rubuta sunanku a Google. Idan ta tarar da shafi mai hoton matan ƙungiya suna wanke acca suna rairaye ta, da sunan ƙauyenku, da lambar rajistarku, da sunan asusun banki da ya yi daidai da sunan ƙungiya, hankalinta zai kwanta. Gani ya kori ji. Idan ba ta tarar da komai ba, sai ta koma wurin dillalin da ta saba da shi. A ganina babban aikin shafi ke nan: ya tsaya muku shaida a wurin baƙo. Kawo baƙon kuwa aikinku ne. Sai kun buga adireshin shafin a jikin leda da kwalba, kun tura wa 'ya'yanku da ke birni su yaɗa.

Wani zai ce, ai ina da Facebook, me zan yi da shafi? Facebook yana da kyau, can jama'a suke, kada ku bari. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram duka suka ɗauke na kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. A wannan shekarar gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter tun daga Yuni, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, kuma masu tallar kaya a can suka shiga uku. Google ma ya taɓa ba masu sana'a ƙananan shafuka kyauta, amma a Maris 2024 ya rufe su. Ban da wannan, mun san yadda ɓarayi ke ƙwace WhatsApp ɗin mutum. Za su kira ka su ce ka karanto musu lamba shida da aka turo maka, daga nan sai su shiga roƙon kuɗi da sunanka. Mai shafin kansa, ko an ƙwace masa lamba, yana da wurin da zai sa sabuwa, ya kuma gargaɗi masu sayensa.

Mu zo kan kuɗi. Abu uku ake biya. Akwai sunan shafin, wato adireshinsa. Na Najeriya suna ƙarewa da .ng ko .com.ng, ƙungiyar NiRA ce ke kula da su, kuma ana biyansu da naira. Akwai hayar wurin da ake ajiye shafin. Sannan ladan wanda ya tsara shi. Ladan mai tsarawa sau ɗaya ne, amma sauran biyun duk shekara ake sabunta su, kuma wannan ne samarin ba su cika faɗa ba. Idan shekara ta cika ba a biya ba, shafi zai mutu, bayan wani lokaci ma wani zai iya saye sunan.

A nan ina roƙonku ku saurara da kyau. Sunan shafi a yi masa rajista da sunan ƙungiya ko na mai sana'a, da lambar wayarku. Kada a yi da na yaron da ya tsara shi. Na ga ƙungiyar da ta buga adireshinta a kan kwalaben zuma masu yawa, sai wanda ya yi musu aikin ya tafi bautar ƙasa, ya canja layi. Kalmar sirri tana hannunsa, shafi ya mutu, kwalabe suka ci gaba da nuna wa mutane ƙofar da babu ita. Ku karɓi kalmar sirri ranar da kuka biya, shugaba ya riƙe, ma'aji ya riƙe. Kuma kafin ku biya kowa, ku ce ya nuna muku shafuka biyu da ya taɓa yi waɗanda har yanzu suna aiki.

Shafin bai kamata ya zama babba ba. Fuska ɗaya ta isa, mai saurin buɗewa a waya, domin data kuɗi ce, kuma mai saye ba zai zauna jiran manyan hotuna ba. Hotunan su zama na kayanku ne da kuka ɗauka da hasken rana, ba waɗanda aka kwaso daga wani wuri ba. A rubuta da Hausa da Turanci. Google kalmomin da ke rubuce a shafi yake bi, saboda haka a sa "acca", a sa "acha" yadda 'yan birni ke rubuta ta, a sa "fonio" yadda 'yan waje ke kiranta, a sa sunan garinku. Farashi kuwa a sa masa kwanan wata, tunda kun ga yadda yake tashi. Kuma mudunmu ba ɗaya yake da na wani gari ba, gara ku auna ku rubuta da kilo.

Idan abinci ne kuke ɗurawa a leda ko kwalba da sunanku, ku nemi lambar NAFDAC, manyan shaguna ba za su karɓa ba sai da ita. Sunan sana'a kuma a hukumar CAC ake masa rajista. Kada kuma kowa ya rubuta cewa accarsa ko zumarsa tana warkar da ciwon sukari. Abinci muke sayarwa, kuma wani zai iya barin maganinsa saboda maganarku.

Lambar da kuka sa a shafi, dole a samu mai ɗauka. Baƙo ya kira sau biyu ba a amsa ba, ya tafi ke nan. Ku kuma san tun da wuri yadda kaya za su isa: wace tasha, wace rana mota ke tashi, wa zai biya direba. Kada kaya su bar hannunku don an nuna muku saƙon banki a waya. Saƙon bogi ya yi yawa, ku duba asusunku da kanku ku ga kuɗin ya shiga.

Shawarata ga masu acca da zuma da citta ita ce ku haɗu ku yi shafi ɗaya na ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin shekara zai yi sauƙi idan an raba shi, kuma ranar da wani ya nemi buhu goma, mace ɗaya ba za ta iya cika shi ba, amma mata ashirin za su iya. Sai dai ku yarda a kan wanki iri ɗaya da awo iri ɗaya, domin yashin mutum ɗaya sunan kowa zai ɓata.

Idan kun buɗe, ku ware shafi ɗaya a littafin ma'aji. Duk sabon mai saye da ya kira, ku tambaye shi, "A ina ka ji labarinmu?" ku rubuta amsar da abin da ya saya. Lokacin sabuntawa ya zo, ku haɗa ribar da ta zo ta wannan hanya ku gwada da abin da za ku biya. Idan ba ta kai ba, ku zauna ku duba ko talla ce ba ku yi ba, ko kuwa sana'ar ce ba ta bukatar shafi.

Bayan hutu kowace ƙungiya za ta karɓi babbar takarda ɗaya, ta rubuta abin da za ta sa a shafinta da hannu, kafin a yi maganar kwamfuta. Waɗanda suka zo da mudu su kawo shi gaba, akwai sikeli a nan, mu auna mu gani.